Wanda Inna Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Ƙwas ɗin maɓallin rikoda na fara ji daga ɗakin maigidana, ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo. Bayan la'asar ne, bai daɗe da dawowa daga ofis ba. Kaset ya ɗan yi shuuu, sai kiɗan ƙwarya ya tashi, sai muryoyin 'yan mata. Ban kai ga jin baiti na biyu ba na ajiye rariya. Na san waƙar. A ɗakin niƙan Inna, yayar mahaifiyata, na fara jin ta a Sule Tankarkar, shekarar da na je hutun makaranta na tarar ba a daɗe da share makoki ba.

A lokacin muna zaune a Gumel, ba a jima da yanka mana sabuwar jiha ba, kowane ofis yana ƙoƙarin nuna abin da yankinsa ya mallaka. Wani abokin aikin maigidana, jami'in al'adu, an ɗora masa haɗa kundin bayanai: kasuwanni, sana'o'i, wasanni, waƙoƙi, kowane abu da shafinsa. Mutumin Filato ne, Kirista, matarsa ce ke ɗinka wa yarana kayan salla. Hausa a bakinsa ba laifi, amma a rubuce yana son a duba masa, ga shi tafiretar ofishinsu ba ta san ƙugiyar haruffa ba. Maigidana ya ce masa ai yana da mai sakandare a gida. Haka shafukan suka riƙa zuwa mini a ambulan, ina bi da jan biro ina gyara abin da ya karkace.

Shafin wannan rana, wanda ya zo tare da kaset ɗin, na waƙar ne. 'Yan matan wata makaranta ne suka tafi da ita gasar waƙoƙi a tsallaken iyaka, inda mawaƙa daga ƙasashe daban-daban suka taru. Ba su ciyo komai ba, amma sun dawo da kaset, kuma an ga ya dace a ba waƙar shafi. Ya faɗi irin zannuwan da suka ɗaura, ya faɗi yadda aka kifa ƙore a ruwa aka kaɗa, duk daidai. Da ya zo kan asalinta sai ya ce tsohuwar waƙar gargajiya ce da ba a san mai ita ba, tana magana ne a kan wani saurayi da ya kora shanu arewa bai dawo ba. Ya ce malamar 'yan matan ta koye ta a bakin wata tsohuwa a Sule Tankarkar, amma da aka tambayi tsohuwar ta ce ba ta san wanda ake wa waƙar ba.

Na karanta wajen sau biyu, na ja masa layi. A gefe na rubuta cewa wannan ba haka ba ne.

Saurayin ɗan Inna ne, ɗanta na fari. Daga kasuwar Maigatari ya karɓi korar shanu zuwa cikin Damagaram, zazzaɓi ya kama shi a hanya, can aka binne shi, Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa da ciki. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Bayan an watse daga zaman makoki ne aka fara jin ta a kan dutsen niƙa, tana tambayar masu dawowa daga kasuwa ko sun ga wani dogo mai sanda, tana cewa furarsa na nan a rufe. Babu sunansa a ciki ko sau ɗaya.

Kwana biyu da mayar masa da shafin, jami'in ya zo da kansa. Suka zauna a zaure da maigidana, ni kuma na tsaya bayan ƙyaure muka gaisa.

"Uwargida, na ga jan bironki," in ji shi. "Wannan karon ba ƙugiya kika sa ba, kaina kika sare."

Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri. Matar da ka je wajenta innata ce. Ita ta yi waƙar, ɗanta ta yi wa."

"To ai na tambaye ta. Har sau uku. Na ce, Mama, wannan yaron naki ne? Ta juya mini ƙeya, ta ce ita ina ta san shi, yaran mutane ne dai masu yawo. Da kunnena na ji."

Maigidana ya yi dariya. Ya ce, "Ka je ka tambayi tsohuwar ƙauye ɗanta na fari, a gaban mutane? Gode wa Allah ba ta bi ka da muciya ba."

Na yi masa bayani yadda zan iya. Matan zamanin su Inna ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna nasu ne, ba sa ma zama inda ake zancensa. Kunya ce, kuma mutuwa ba ta ɗauke ta. Ya ce ya sha jin labarin wannan al'ada, amma bai taɓa zaton za ta kai uwa ta yi musun ɗanta ga baƙo mai takarda ba. Sannan ya ce ya yarda da ni, sai dai yana da ƙa'ida: ba ya sa abu a kundin sai ya san bakin da ya fito. Mai abu ta ce a'a, ni kuma da nake Gumel na ce i. Idan gobe wani ya tambaye shi wa ya faɗa, me zai ce?

"Ko wani na cikin gidan ya faɗa a gabanta, ba ta musa ba, ya ishe ni," in ji shi. "Amma ranar Litinin za a kai shafukan wajen bugawa."

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, idan aka buga haka, za a ajiye a makarantu da ofisoshi cewa Inna ba ta san ɗanta ba, kuma a takarda babu mai ganin ta juya ƙeya.

Ranar Asabar na nemi izini na shiga motar Sule Tankarkar da takardar a jaka. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Kusa da ita jikarta ce, cikin nan da aka bari, yarinya 'yar shekara goma ko sha ɗaya, doguwa kamar ubanta. Tun da uwarta ta sake aure take hannun Inna. Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da na yi azahar sannan na fito da takardar.

Na ce, "Inna, waƙar nan taki ta niƙa an kai ta har ƙasar waje."

"Wace waƙa? Ni ina na ga waƙa, surutun tsufa dai."

"Za a sa ta a littafi. An ba ni in duba, shi ne na ce bari in karanta miki."

Ba ta ce in karanta ba, ba ta ce in bari ba. Na fara. Wajen zannuwa da ƙore ta ce ai ƙwaryar da ba ta bushe sosai ba ba ta amo, ko sun san wannan? Na ce zan faɗa musu. Da na iso inda aka ce tsohuwar ba ta san wanda ake wa waƙar ba, sai hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ba ta ɗago ba.

Yarinyar ce ta yi magana. Tsakanin jika da kaka babu wannan kunyar, sai tsokana.

"Tsohuwa, kin ji? An rubuta ba ki san Babana ba."

"Ke tafi can, mai baki kamar na jaɓa. Wa ya sa da ke?"

"To waye dogo mai sanda? Ni dai na san hoton da ke ƙarƙashin adudunki."

"Sai na gaya wa mijin da zai kwashe ki ɓarauniya ce, mai binciken kayan mutane."

"Ai ke za ki riga ni, tsohon nan mai goro yana ta tambayarki."

Inna ta jefe ta da ɓawon gyaɗa. Can ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, littafin nan har yaushe zai zauna. Na ce mata har bayan ranmu, in Allah ya so. Ta ci gaba da ɓara. Ta daɗe sosai, har na fara naɗe takardar, don na ƙudurta ba zan matsa mata ba ko da za a buga shi yadda yake.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta. "Ga mai baki nan, ku tambaye ta. Abin da ta faɗa ita ta sani."

Ta tashi ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki, ba ta fito ba sai da muka gama.

A nan inuwar rumbun na rubuta sabon sakin layin a bayan takardar, yarinyar tana faɗa ina rubutawa. Abin da ba ta sani ba ban sa ba, ko da ni na sani. Na rubuta cewa tsohuwar ce ta yi waƙar a kan dutsen niƙa, ɗanta na fari ta yi wa, wanda ya rasu a hanyar korar shanu, kuma 'yarsa ce ta faɗi haka a gaban kakarta. Na ƙara layi ɗaya a kan dalilin da ya sa babu sunansa a waƙar. Da na koma Gumel jami'in ya karɓa bai canja komai ba, sai maganar ƙwarya da ya ce a ƙara masa ita ma.

A ranar Asabar ɗin, da zan tafi, Inna ta ƙulla mini gyaɗa a leda, ta yi mini addu'ar hanya, ba ta sake tayar da zancen ba. Yarinyar ta rako ni bakin titi tana riƙe da jakata. Da motar ta tsaya ta miƙo mini, ta ce, "Goggo, in an buga ki kawo mana ɗaya. Ni zan karanta mata da ƙarfi, in ta ga dama ta toshe kunne."