Kwano da Ƙwaryar Kaka

Jiya ina wanke-wanke, tsakuwa ta faɗa cikin kwano ta yi ƙara. Na tsaya da soso a hannu kamar an kira sunana.

Gidanmu na unguwar Kpakungu gidan yawa ne, mu da 'yan haya, har da wata Banufiya mai sayar da kifi. Tun rasuwar kakanmu gidan ya koma hannun Kaka, amma ba ta yanke magana ita kaɗai. In gardama ta ƙi ƙarewa, sai ta sa a ajiye ƙwarya da kwanon ƙarfe a bayan zana. Kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa, wanda ya yarda a kwano, wanda ya ƙi a ƙwarya. Sai da na girma na ji a rediyo wai ƙasashe ma suna yi, ƙuri'ar raba gardama sunanta.

Wata damina baffana ya so a sare mangwaron tsakar gida a gina ɗakuna. Kakanmu ne ya shuka shi, kuma a gindinsa Kaka take wuni. Baffa ya ce ban da yara a jefa tsakuwa.

"Duk mai share ganyen nan yana da ta cewa," in ji Kaka.

Ni ce mai sharar, kuma na gaji da ita. Na shiga na jefa tawa a kwano, ina murna ba wanda ya gani. Da aka ƙirga, kwano ya fi da tsakuwa ɗaya tak. Kaka ta ce a sare, ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Daga nan ba ta cika fitowa ba.

Bayan ta rasu ne Banufiyar nan ta ce min, "Ai kwano yana ƙara, yarinya. Kaka ta ji taki."

Har yau abin yana ci min rai. Ta ji, amma ta ci gaba da ajiye min ƙanzon tuwo, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu cikin jikokinta ni kaɗai na rage a gidan. Makon jiya yayyena da ke Abuja suka gama shawara a waya cewa za a sayar da shi, sannan suka turo min saƙo. Wataƙila ma da an tambaye ni da na yarda. Ba a tambaya ba.

Na ciro tsakuwar daga ruwan kumfa na riƙe. Babu inda zan jefa ta.