Takalmin Kawu da Karan da Akuya Ta Ci

Mun tashi da asuba daga Kuta, ana sallame salla muka nufi tasha, ni da wani abokina, da jaka ɗaya da kara ɗaya. Karan nan shi ne kan tafiyar. Na dawa ne, Kawu ya ɗora ƙafarsa a kai aka yanke daidai tsawonta, daga dunduniya zuwa babban yatsa, yadda ake yi wa yara awon takalmin salla.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, maharbi, shi ke shiga gaba idan maharban unguwarmu za su fita daji bayan an kawar da amfanin gona. Bara wani tsinin kututture ya huda takalmin robarsa ya shige masa ƙafar hagu, ya yi wata uku a kwance. Tun ranar matarsa, Inna, ta ɗauke bindigarsa ta ɓoye, ta rantse ba zai ƙara ganinta ba sai ya sa takalmin da ƙaya ba ta hudawa. Saura kwana uku a fita farautar bana. In babu takalmi babu bindiga, wani ne zai shiga gaba, Kawu kuma yana tsakar gida yana jiyo kukan karnuka daga nesa. Na san abin zai ci masa rai fiye da ciwon. Shi kuwa ya ce ba zai bar haƙar doyarsa ya je Minna don takalmi ba, shi ya sa aka aike mu da kara.

Za mu fita Inna ta cusa wata baƙar leda a jakata. Tsohon takalmin robar ne, ƙafa biyu, har da hujin. "Ka nuna musu," in ji ta, "ka ce irin wannan ne ba na so." Na karɓa don kada ta ce na raina mata aike.

Mota ba ta cika ba sai da rana ta fito. Kuɗin mota ya ƙaru kan na watan jiya, direba ya ce mu tambayi masu gidan mai. A Gwada muka tsaya, tarin doya ta ko'ina, manyan motoci suna lodi. Muka sayi soyayyar doya da yaji, mai zafi har tana ƙona yatsa. A nan wata mata ta shigo da akuya, aka tura ta ƙarƙashin kujerarmu, inda abokina ya ajiye jakar da karan a ciki. Akuya mai ladabi, har Maitumbi ko kuka ba ta yi ba. Abokina har yabonta ya yi.

Daga tashar Minna muka hau keke zuwa Kasuwar Kure. Muka ratsa layin hatsi da na 'yan atamfa, muka isa wurin 'yan gwanjo masu takalma. Ga but nan, wato takalmin fata mai dogon wuya, an rataye su jere suna ƙyalli. Na zaro kara da isa, na miƙa wa mai shago. Ya juya shi, ya dube ni.

"Malam, yaron shekararsa nawa?"

Sai a lokacin na ga bakin karan a tattaune, da sauran yawu. Kusan rabi babu. Ashe shirun akuyar nan aiki take yi. Na dubi abokina, tunda shi ya riƙe jakar, ya dubi sama kamar mai duban wata. Kawu bai taɓa sanin lambar ƙafarsa ba, waya kuma ba ta shiga gonarsa. In muka koma aka sake awo, ranar ta tafi, kuɗin mota ya tafi. In muka saya da ka, muka kai masa wanda ya matse shi, Inna ba za ta fito da bindiga ba.

Mai shagon ya gama dariyarsa, sannan ya tausaya mana. Ya ce akwai wani dattijon shumeka, mai gyaran takalma, a Dutsen Kura, mutumin Bida, shi ke yi wa masu aikin daji gyara, mu je mu gan shi kafin mu sayi komai.

Muka same shi a rumfar kwano, zaune kan guntun benci, zare a baki. Na zayyana masa komai, har akuyar. Bai yi dariya ba. Ya ce ko da karan ya zo lafiya ba zai yi aiki da shi ba, don kara tsawo kawai ya sani, bai san faɗi ba. Ya tambaya ko mun zo da wani abin da mai ƙafar ya taɓa sawa. Nan na tuna ledar Inna.

Abin da dattijon nan ya yi da tsohon takalmin ya ba ni mamaki. Ya tura hannu ciki yana lalube, ya kife shi ya duba inda ya cinye, ya jera biyun ya kwatanta.

"Wannan mutum, ƙafan hagu ya fi faɗi," in ji shi da Hausarsa ta Bida. "Kuma yana taka da gefe. Ya yi ciwo a nan?"

Na ce ƙwarai, Baba. Bai taɓa ganin Kawu ba, amma ya faɗi tafiyarsa kamar tare suke kwana. Ya ɗora kowace ƙafa kan kwali ya zana, ya ƙara faɗin yatsa ɗaya saboda safa da kumburin ƙafa in an wuni ana tafiya, ya yanke. Sannan ya ja ƙyauren rumfarsa ya ce mu koma kasuwa tare.

A kasuwa na ga yadda ake zaɓen fata. Wani jan but mai sheƙi da na ƙyalla ido a kai tun farko, dattijon ya lanƙwasa bakinsa, sai ga tsaga fari-fari, ya ɗaga harshen ya nuna mini yadi a ciki. Roba ce aka yi wa fenti. Ya ce fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne, in ka lanƙwasa ta tana yin tamoji ta koma, kuma tana da warinta. Kowanne ya ɗauka sai ya shinshina, ya tura farce tsakanin fata da tafin, in gam ne kawai ya riƙe ya ajiye, sai mai ɗinki. Ya daɗe yana tona buhu kafin ya fito da wani baƙi mai kauri, duk ya koɗe, mummuna, wuyansa ya wuce idon sawu da kusan taƙi. Ya zura kwalin dama ya shige lafiya, na hagu ya ɗan toge. Ya ce wannan ne, sauran aikinsa ne. Muka yi ciniki, kuma mummunan ya fi mai sheƙin tsada, abokina yana ta ƙunƙuni.

Muka koma rumfarsa, muka bar shi yana aiki muka je cin abinci. Tuwon shinkafa da miyar wake da kifin madatsar ruwan Tagwai, a wurin wata mata da ba ta rowar miya. Da muka dawo ya jiƙa ƙafar hagu, ya cusa mata itacen buɗa takalmi, ya yanko tayar mota ya ƙara a ƙarƙashin duka biyun, ya ɗinke da zare mai kauri, ya mulke su da man kaɗe. Ya kafa ƙusa a katako, tsininta sama, ya danna takalmin a kai da dukan ƙarfinsa. Ƙusar ce ta lanƙwashe. Ya ce a gaya wa Kawu ya riƙa shafa mai, kuma in ya jiƙe a shanya a inuwa, kada a kai shi bakin wuta.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Jakar a cinyata take har Kuta, kuma kafin in zauna sai da na leƙa ƙarƙashin kujera.

Mun iso ana shirin magariba, Kawu yana kan tabarma a ƙofar ɗaki yana yi kamar ba mu yake jira ba. Ya dubi takalmin ya taɓe baki, ya ce muninsa ya yi yawa. Ya sa na dama. Ya sa na hagu. Ya shige kamar a ƙafarsa aka ɗinka. Ya miƙe, ya zaga tsakar gida, ya je bakin danga ya taka reshen ƙaya da gangan, ya murza, ya ɗaga ƙafa ya nuna wa Inna. Ta duƙa ta duba da kanta, ta shafa. Ta shiga ɗaki, muka ji ana jan gado, ta fito da bindiga naɗe a tsohuwar tabarma.

Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, takalmin daji ba a zaɓensa da ƙyalli, kuma kada ka bar tsohon a gida in za ka sayo sabo, don ya fi kowa sanin ƙafar mai shi. Ranar fita kuwa Kawu ne a gaba, da mummunan takalminsa, karnuka na biye. Zomon farko da ya harbo, ya ce a kai wa dattijon Dutsen Kura.