Hudu Malamin Gona da Ciwon Tsayawa Gaban Jama'a

Duk wanda ya san Hudu a gonar gwaji ta Bande ya san aikinsa ba wasa. Ɗan manoma ne, ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya samu takardar malamin gona, ya kuma shekara shida a wannan gona tare da leburori uku. In ya damƙi ƙasa ya murza, zai faɗa maka ko gero take so ko wake. Da mutum ɗaya ko biyu hira yake har da ƙyaƙyata dariya. Taro ne ba ya iyawa, amma da yake aikinsa bai taɓa kai shi gaban taro ba, ba wanda ya lura.

A shekarar 1975, bayan farin da aka sha, aka kawo irin gero mai saurin nuna, aka ce malaman gona su shiga ƙauyuka su yi wa manoma bayani. Shugabansu a Magariya, Mushe Maina, wato Malam Maina a bakin 'yan Faransanci, ya ba Hudu keke da ƙauyuka tara.

A ƙauyen farko mai gari ya tara magidanta wajen arba'in a gindin gawo. Hudu ya miƙe ya yi sallama, aka amsa, idanu suka dawo kansa. Nan take ƙirjinsa ya shiga bugu kamar ana daka, gumi ya jiƙa rigar kakinsa, takardar hannunsa na kaɗawa kowa na gani. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani tsoho ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya ce rana ce ta buge shi, ya hau kekensa ya tafi.

A ƙauye na biyu ma haka. Daga nan sai ya koma neman dalili: yau taya ta fashe, gobe ciki ya ɓaci. Tun jajibirin taro abinci ba ya shiga bakinsa.

Matarsa Altine ta ce, "Malam, kai da kake cika ni da zancen gero har tuwo ya huce?"

"Ke ɗaya ce. In sun kai goma, sai in ji kowa jira yake in yi kuskure."

"To ka je gidan likita. Abin da ke hana mutum cin abinci ai ciwo ne."

Ya je. Bayan dogon layi ya isa gaban Majo, babban ma'aikacin wurin.

"Ina ke ciwo?"

"Yanzu babu, Majo. Sai na tsaya gaban jama'a jiki ya kama rawa, gumi ya karyo."

"Rawar jiki da gumi? Masassara ce."

Ya ba shi kinin. Hudu ya shanye, ya sani sarai ba masassara yake ba. Da ya koma, Majo ya nuna masa matan da ke layi da yara marasa lafiya a goye.

"Malam, dubi mutanen da ke jirana. Abin da ke damunka kunya ce, ni kuwa ba ni da allurarta."

Ba a jima ba Mushe Maina ya kira shi biro, wato ofis. Ƙauyuka tara, biyu kaɗai aka je, su ma ba a yi bayani ba.

"Shef, ba ni da lafiya."

"Ga ka tsaye garau. In ciwo ne, kawo takardar likita. In babu, lalaci ne."

Sai Hudu ya hau motar kaya zuwa birni. Kwana biyu yana bin layi kafin a shigar da shi wurin wani likita Bature. Ya shirya bayaninsa da Faransanci tsaf, amma yana shiga ya tarar da ɗalibai huɗu tsaye bayan likitan, suna kallonsa. Abin ya taso masa nan take. A cikin rawar jikin har ya ji wani daɗi, don yau dai ga shi a gaban idon mai magani. Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Kashegari ya ce masa zuciya lafiya, huhu lafiya, jini lafiya.

"To mene ne sunan abin?" Hudu ya tambaya.

"Ba komai. Gajiya ce, ka riƙa hutawa."

Ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi na kwantar da hankali, ya rubuta a takarda cewa zai iya aiki, ya kira na gaba.

Hudu ya haɗiyi guda biyu kafin taro na gaba. Jiki bai yi rawa ba, amma harshe ya yi nauyi, ido na rufewa, magana na jan ƙafa. Mai garin ya aika Magariya cewa malamin gona ya zo musu a buge. Hudu, wanda ko warin giya bai sani ba, ya kai takarda da ƙwayoyin biro ya ajiye a kan tebur. Mushe Maina ya karanta ya ce, "Ai ga shi an rubuta lafiyarka ƙalau." Aka yi masa canji zuwa wani ƙauye can bayan Mallawa.

A can bai sake kiran taro ba. Gona gona yake bi a ƙafa. Wani manomi, Maikano, shi ya fara yarda ya shuka sabon irin a gefen gonarsa, bayan sun yi hira rabin yini a kan kunya ɗaya suna shema, suna cire ciyawa da hauya. Maƙwabta suka ga amfanin, suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya. Cikin damina uku gonaki da yawa sun koma wannan iri. Sai dai a biro taro ake ƙirgawa, Hudu kuwa ba shi da ko ɗaya, don haka ƙarin girma ya riƙa wuce shi.

A kakar 1979 manyan ma'aikatar gona suka zo ganin gonakin. Wani sabon ma'aikaci da bai fi wata biyu da zuwa ba shi ya tsaya ya yi jawabi, aka tafa masa, aka rubuta sunansa. Hudu yana can bayan amalanke, riƙe da damin geron da shi ya zaɓo don a nuna. Da suka tafi ya miƙa wa Maikano damin, ya koma gida bai gaisa da kowa a hanya ba. Altine ta kawo masa fura, ya ce ta ajiye, ya ɗauki hauya ya fita gona.