Tsiron da Malam Shu'aibu Ya Kewaye

Shekara da shekaru ina da ƙorafi a kan maƙwabcina Malam Shu'aibu. Ban ɓoye masa ba yana raye, ba kuma zan ɓoye ba don ƙasa ta rufe masa ido: mutumin nan bai taɓa ba ni amsa kai tsaye ba. Ko safiyar da labarin ya iso, ina tsugune ne a bakin juji ina shirya tambayar da zan kai masa asibiti. Sai ga babban ɗansa Nasiru ya tsaya a kaina, ya ce, "Baba Audu, Malam ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka na miƙe da tambayata a baki.

Ni ban yi boko ba. 'Yata ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

A bayan gidajenmu a unguwar Bagama, nan Suleja, yana da ɗan fili, inda ya yarje wa unguwa ta riƙa zuba toka, ɓawon doya, kashin awaki da ruɓaɓɓen kayan miya. Leda da kwalba ne kawai ya hana. Daga nan muke ɗiban takin lambunmu, ni da shi. Da ruwan farko ya sauka, sai jujin ya cika da tsirrai, kowanne da ganye biyu, kamar uwa ɗaya ta haife su. In na nuna ɗaya na ce, "Wannan mene ne?" sai ya ce, "Audu, ganye biyun farko ba sa faɗin gaskiya. Jira na uku." In na uku ya fito, sai ya ce in murza in sansana. Ni kuwa suna nake nema, ba aikin hanci ba.

Amma da wannan jan ran nasa na san abin da na sani. Ganyen kabewa yana da kaushi, yana ƙaiƙayi a hannu. Na kankana tsage-tsage yake. Na duma laushi gare shi, ga wari in ka murza. Tumatir kuwa ƙamshinsa ke tona shi tun yana ƙarami. In abu ya shige masa duhu, yakan tona gefen saiwa da yatsa a hankali, ya nemo ɓawon irin. Ban taɓa ganin ya cire tsiron da bai san sunansa ba. Yakan ce, "Wanda bai gaya maka ko shi wane ne ba, kada ka yanke masa hukunci."

Yana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba. In tsiro ya girma ya yi 'ya'ya, sai ya binciko gidan da irin ya fito, ya kai musu nunan fari. Da wani baƙon ganye mai yaɗo ya fito, gida-gida ya bi da shi, har Maman Ngozi, 'yar hayar da ke sayar da abinci, ta buga ƙirji ta ce ugu ne, miyar garinsu. Da ya yi yabanya ya cika mata kwando. Ta riƙe kwandon tana hawaye, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Mai shayi ya sami gwanda. Liman ya sami kabewa. Ni da muke haɗa katanga, ko kuɓewa ɗaya ban taɓa samu ba. Da na yi magana, ya ce, "To ai gidanka ba a zubar da komai, Audu. Kai har ƙwallon mangwaro sai an ji tausayinsa in ya shiga hannunka." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, har yau kuma ban yi ba.

A farkon daminar bana, kafin ciwo ya kwantar da shi, wani tsiro ya fito a gefen jujin. Malam ya kewaye shi da fasassun tukwane, ya kafa masa sanda. Na tambaya, ya ce in jira. Ran sadakar uku matarsa Inna Hauwa ta aiko aka kira ni zaure, ta ce daga bayan ƙofa, "Malam Audu, ya bar saƙo. Ya ce abin da ya kewaye ɗin nan daga gidanka ya fito, naka ne, a bar maka."

Yanzu tsiron ya yi ganye har ya fara kama sanda. Na murza, na sansana, na tona gefen saiwa, ban sami ɓawo ba. Ba kabewa ba ne, ba duma ba. Maman Ngozi ta ce ba nasu ba ne. Wani manomi daga Maje ya juya ganyen ya girgiza kai. Na tsare matata da tambayar me ta zubar, ta ce, "Malam, shara ce, ba lissafinta nake yi ba."

Ga shi Nasiru ya kawo bulo, zai share jujin ya gina ɗakunan haya don ma'aikatan Abuja. Filinsu ne, marayu ne, ban hana ba. Na dai ce ya dakata abin nan ya yi ɗa. Ya ce, "Baba, magina ba sa jiran ganye."

Allah ya jiƙan Malam Shu'aibu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hauwa haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari. Ni na yafe masa komai, har da maganar mangwaro.

Amma Nasiru, ubanka bai taɓa cire abin da bai san sunansa ba. Ko ka bar shi ya kai kaka, ko ka kawo mini wanda zai faɗi sunansa kafin shebur ya taɓa shi. Ku kuma mutanen Suleja, duk yawanku a rasa mai sanin ganye ɗaya? Ina bakin juji kullum da safe. Wani ya zo ya ba ni amsa.