Motar Baba a Hannun Kwastan

Abin da na fara gani da na dawo daga makaranta shi ne tabon baƙin mai a kan kwalta, inda motar Baba take kwana a ƙofar gidanmu a unguwar Catford da ke Landan. Motar ba ta nan, ga kuma takalman aikinsa a bakin ƙofa da rana tsaka.

Da wannan motar yake kai doya da manja shagunan Old Kent Road, da ita muke ci. Wani ɗan garinsu da muke kira Kawu ne ya are ta zuwa Faransa, wai zai ɗauko kayan ɗaki. Baba bai tambaye shi komai ba, don a wurinsu ba a titsiye ɗan gari kafin a miƙa masa makulli. A hanyar dawowa 'yan kwastan suka sami katan-katan na taba a ƙarƙashin katifu. Suka sallami Kawu, suka riƙe motar.

Na raka Baba wurin wata lauya. Ina zaune ina kallon yadda yake murza hularsa a kan gwiwa.

"Ba wanda ya ce ka yi laifi," in ji ta. "Motar aka kama."

"To a kira motar ta yi bayani mana," in ji Baba. Ba wanda ya yi dariya.

Ya tambaya yaya tabar da ba ta kai rabin kuɗin mota ba za ta cinye mota sukutum. Ta ce hanya ɗaya ta rage, Kawu ya shaida cewa Baba bai san abin da aka ɗauko ba. Ko da hakan ma babu tabbas.

A gida Mama ta ce wa Baba, "Kira Kawu."

"In ce masa me? Ai ya san inda nake."

"To kunyarka za mu dafa mu ci?"



Ran Lahadi Kawu ya zo coci. Suka gaisa da Baba hannu bibbiyu, suka tambayi gajiya da iyali da sanyi. Ba wanda ya ambaci mota. Ni ko a aji ba na iya ɗaga hannu, Hausata kuma ba ta nuna ba, amma tun a bas nake maimaita maganar a raina. Da Baba ya juya, na rusuna a gaban Kawu, idona a kan takalmansa.

"Kawu, don Allah ka je ka gaya musu Baba bai sani ba."