Kifin da Iya Ta Aiko wa Marar Lafiya

Ranar da Inna ta cika kwana tara da rasuwa, wani mai kwale-kwale ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Gaya, ya miƙo ƙunshi a cikin takardar siminti. Ni na karɓa, don ni ce a bakin zaure ina naɗe tabarmin masu gaisuwa. Da na buɗe sai ga kifin banda guda shida, manya-manya, da ɗaurin sassaƙe a gefe. Ya ce saƙon Iya mai kifi ne daga Malanville, garin da ke ƙetaren kogi. Ta ce a yi wa marar lafiya romo, a jiƙa mata sassaƙen ta riƙa sha safe da yamma, kuma a gaishe ta da jiki.

Na tambaye shi wace marar lafiya. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai aiko shi aka yi.

Iya mai kifi ba danginmu ba ce. Tsohuwa ce 'yar Dendi mai rumfar kifi a kasuwar Malanville. Inna kuwa ta yi shekara talatin tana ƙetare kogi duk ranar kasuwa tana saro albasa, kuma ba ta taɓa buhu ko ɗaya sai ta zauna a rumfar Iya sun ci abinci a kwano ɗaya. Akwai wata kujera 'yar tsuguno a rumfar, kowa ya san ta Inna ce. Dendin Inna bai cika ba, Hausar Iya ta ciniki ce, amma da su suke faɗa su shirya, su yi gulmar 'ya'yansu, ni ce kan gaba a waɗanda ake gulmar.

Na shiga da ƙunshin wurin Yaya, babban wanmu, ina tsammanin zai yi mamaki. Ashe da saninsa. Ya ce Iya tana da hawan jini, kuma tsoho ba a jefa masa labarin mutuwa gaba ɗaya. Yau a ce jiki ya yi nauyi, mako mai zuwa a ce ya ƙara tsanani, a hankali har ya gane da kansa. Na san haka ake yi, ni ma na taɓa yi wa wasu. Amma ban taɓa tsayawa da kifin da aka aiko wa uwata a hannu ba, alhali tana cikin ƙasa. Na ce zan je in gaya mata da bakina. Ya ce 'ya mace ba ta barin gidan makoki ta tafi ƙasar waje kafin sadakar arba'in. Na yi dariyata ta farko tun rasuwar. Ƙasar wajen da in ka tsaya a bakin ruwa kana hango shanyar mutanenta.

Dama a cike nake. Tun ranar da aka fita da Inna ba wanda ya bar ni na yi kuka. Ido na kawo ruwa sai wata gwaggo ta dafa ni ta ce hawaye ba ya amfanin mamaci, addu'a za a yi. Kowa ya shigo sai ya tambaye ni ya haƙuri, ni kuma in amsa da godiya kamar wadda aka ba kyauta. Na rataye kifin a ɗakin Inna, na daure kwana huɗu ina kallonsa. A na biyar na yi sallar asuba, na ɗauki mayafina, na gaya wa Yaya na tafi, ban tsaya jin amsa ba.

Gadar kan iyaka a rufe take a lokacin, sai na bi kwale-kwale tare da mata masu kwanduna. A ƙetare wani jandarma ya juya katin shaidata ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce gaisuwar mutuwa na kawo. Ya ce ai zuwa ake yi gaisuwa, ba kawo ta ake yi ba. Na ce tawa kawowa ce. Ya miƙo mini katin, na hau kabu-kabu zuwa gidan wata ƙawata.

Tare muka tashi da ita a Gaya, aure ya kai ta Malanville, unguwa ɗaya da Iya. Ta rungume ni, ta zubo mini shinkafa da miyar kifi, ta zauna tana min fifita kamar amarya. Sai da na ci rabi na gane ita ce mai kai wa Iya labarin ƙarya kowace safiya. Yaya ne ya kira ta ya roƙe ta. Ranar nan ta ce an ƙara wa Inna ruwa, washegari ta ce ta ɗan sha kunu. Na ture kwanon. Na so ƙawar nan tun muna yara, amma a lokacin ji na yi kamar in mare ta.

Ta ce, "Ke ba ki san jikin tsohuwar ga ba. In ta hwaɗi nan take, wa za shi ɗauki alhakinta?"

Na ce, "Ni. Uwata ce ta mutu, ba taku ba."

Ta ce taurin kan nan nawa Inna ta sha fama da shi. Na ce a wurinta na gado. Duk da haka ta yafa mayafi ta biyo ni, tana tafe tana mita har kasuwa.

Muka ratsa layin masu albasa, inda mutum biyu suka gane ni suka kawar da kai. Rumfar Iya tana nan yadda na san ta, hayaƙi da ƙuda. Kujerar Inna tana gefe, an goge ta tsaf, ba a ɗora mata komai ba. Iya na ganina ta washe baki, ta tambaya ko Inna ta sha sassaƙen, ko ɗacin ya hana ta, don ta san halinta da raki. A cikin kwale-kwale na shirya dogon zance mai laushi, amma duk ya gudu. Na durƙusa a gabanta.

"Iya, Inna ta rasu. Yau kwana goma sha huɗu."

Kifi ne a hannunta. Ta ajiye shi a hankali a kan tire, ta goge hannu da zanenta. Ta tambayi wa ya yi mata wanka, da rana ne ko da safe, ko ta yi magana kafin ta cika. Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya ta dubi ƙawata.

"Kwana goma sha huɗu kunka bar ni ina roƙa mata lahiya, ita ko rahama taka buƙata."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba a ɓoyewa a mayafi. Matan rumfunan kusa suka taso da haƙurinsu a baki, na miƙe na tare su na ce su bar ta. Ban san da wace murya na faɗa ba, amma sun tsaya. Na zauna a kujerar Inna na kama nawa kukan, a tsakiyar kasuwa, a ƙasar mutane, ba gwaggo ko ɗaya a kusa.

Ba zan ɓoye ba, jinin Iya ya hau. Kwana biyu tana kwance, ni da ƙawata muna jinyarta ba ma yi wa juna magana sai ta miƙo ruwa, miƙo magani. Na ji tsoro ƙwarai, amma ban yi da-na-sani ba. A rana ta uku Iya ta tashi ta ce a auno mata gero na sadaka, za ta ƙetare. Ƙawata ce ta ɗauko mana buhun har bakin ruwa, ta ce in ba don Inna ba da ba ta ƙara kula ni ba, sannan ta cusa mini ƙuli-ƙuli a jaka.

Yaya yana zaure muka iso. Ya dube ni, ya dubi tsohuwar, ya matsa gefe. Iya ta wuce kai tsaye ɗakin Inna ta zauna a tabarmarta. Can sai ga shi ya shigo ya durƙusa ya ce, "Iya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Nawa sabo na, ɗana. Kun riga ni da kwana goma sha huɗu."

Ya tashi ya fita. Na sauko da kifin nan shida daga inda na rataye su, na yi romo, na zuba a kwanon Inna, muka ci ni da Iya.