Alhaji Wada da Motarsa ta Cikin Kogi

A kasuwar shanu ta Garwa kowa ya san mutumin da ya manta birkin hannu, motarsa ta gangara cikin Binuwai yana tsaye yana kallo. Ni yau na fara ganinsa. Alhaji Wada ake ce masa.

Ga shi yana sauka daga bayan babur, tumbi a gaba, yana kaɗa makullin mota a yatsa don kada a manta. Dillalai sun ce da bashin banki ya saye ta. An ce ya ƙi ƙara inshorar da ke cike giɓi tsakanin darajar mota da sauran bashi, ya ce wayon 'yan boko ne, ya sayi hon mai kiɗa. Yanzu inshora ta biya kuɗin motar hannu, banki kuwa kuɗin sabuwa yake binsa, har an fara taya garkensa.

Wani mahauci ya ɗaga murya: "Alhaji, motar ta iya iyo kuwa?"

Bai ko waiwaya ba. "Ni shanu na sani, Ɗanmalam. Sa in ya shekara a hannunka kuɗi yake ƙarawa. Wa ya gaya mini mota ramewa take yi?"